Ranar Shiru a Makarantun Amurka

Mu malamai mun saba da roƙon ɗalibai su yi shiru a aji. A Amurka kuwa akwai ranar da ɗalibai da kansu suka zaɓi su rufe baki, tun daga ƙararrawar safe har a tashi. Sun kira ta Ranar Shiru.

Wata ɗaliba mai suna Maria Pulzetti ce ta fara ta a Jami'ar Bajiniya a 1996, tare da ɗalibai kimanin 150. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar GLSEN ta ɗauki nauyinta, har ta bazu zuwa makarantun sakandare, galibi cikin watan Afrilu. Nufinsu shi ne su nuna halin yaran da ake tsangwama domin suna sha'awar jinsinsu, ko domin ana zarginsu da haka. Irin wannan yaro ana yi masa ba'a, ana dukansa, amma ba ya kai ƙara, gama yana tsoron ƙarar ta tona shi.

Mai shiga yakan riƙe ɗan kati da ya bayyana dalilinsa. In aboki ya yi masa magana, sai ya miƙa katin kawai. Da yamma sukan taru su buɗe baki, kowa ya faɗi abin da ya gani. Abin ba sauƙi ba ne, domin mai katin ma yakan sha zagi ranar. Shari'ar Tinker ta 1969 ta tabbatar wa ɗalibai 'yancin nuna ra'ayi cikin lumana, amma in malami ya yi tambaya a aji, dole a amsa. Mu dai mun ga wannan daidai ne.

A 2008 an keɓe ranar domin tunawa da Lawrence King, ɗan shekara 15, wanda ɗan ajinsu ya harbe a makaranta a garin Oxnard na Kalifoniya.

Kiristocin Amurka sun rabu a kan ranar. Waɗansu iyaye sukan hana 'ya'yansu zuwa makaranta, waɗansu kuma suna cewa ko da koyarwar ikilisiyarsu ba ta yarda da wannan rayuwa ba, ba ta ba kowa izinin dukan yaro ba. A nan muke tsaye. A 2024 masu shirya ranar suka sauya mata suna zuwa Ranar Rashin Shiru, suka bukaci ɗalibai su yi magana a fili.