Kananzir a Robar Lemo

A bazarar da ta wuce wata yarinya 'yar aji huɗu ta yi kwana biyar ba ta zo makaranta ba. Da muka je gidansu bayan an tashi, sai muka tarar mahaifiyarta tana asibiti wajen jinyar ƙanenta, yaro mai shekara ɗaya da rabi. Ga yadda abin ya faru. An aiki yarinyar sayen kananzir na risho, mai sayarwa ya zuba mata a robar lemo, ta kawo ta ajiye bakin ƙofar madafa. Yaron ya tashi daga barci da ƙishirwa, ya ga irin robar da ya saba sha a ciki, ya kafa kai. Bai haɗiyi da yawa ba, gama nan take ya ƙware ya kama tari. Kakarsa ta ɗauko manja ta ɗura masa, ta kuma sa masa yatsa a maƙogwaro. Ya kuwa yi amai, mutanen gida suka ce an gode Allah, guba ta fita. Kafin dare jikinsa ya yi zafi rau, numfashinsa yana fita da gurnani.

Ba mu ga laifin kakar ba, abin da ta taso ta ga ana yi ke nan. Amma aman nan shi ya kusa kashe yaron.

A cikin maƙogwaronmu hanya biyu ce, ɗaya ta abinci zuwa ciki, ɗaya ta iska zuwa huhu, bakinsu kuwa dab da juna yake. Kananzir ɗan kaɗan da ya sauka ciki ya zauna can, yawanci ba ya yin babbar ɓarna, sai tashin zuciya ko zawo. Huhu ne ba ya jurewa. Duk wanda ya taɓa ɗiga kananzir a takarda ya ga yadda ɗigo ɗaya yake bazuwa, domin ba shi da kauri ko kaɗan. Haka yake sulalewa cikin hanyar iska ya bazu. Huhu cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna na iska, miliyoyi, kowace tana da wani ruwa mai santsi a bangonta wanda yake hana ta mannewa. Kananzir yakan lalata wannan ruwa, sai jakunkunan su manne, su kumbura, iska ta kasa shiga jini. Abin da bai kai mililita 1 ba ya isa ya yi wannan ta'adi, ƙaramin cokalin shayi kuwa mililita 5 yake ci. Ciwon huhu ne sosai, amma ba ƙwayoyin cuta suka kawo shi ba, ba kuwa wata allura da take karya shi. Fetur, man dizal da tinar fenti duk halinsu ɗaya ne da kananzir a nan.

To, kun ga abin da amai yake yi. Man da ya riga ya wuce bakin hanyar iska lafiya, sai mu dawo da shi ya sāke bi ta nan, yaro kuwa yana kuka yana jan numfashi. Manja, madara da ruwan gishiri duk suna tayar da amai. Manjan ma da kansa, in aka ɗura wa yaro yana fizge-fizge ya faɗa huhu, wani ciwon ne dabam. Garin gawayi kuma ba ya kama kananzir, wahalar banza ce.

Abin yi ba shi da yawa, wuyarsa ita ce mu iya riƙe hannunmu. A fitar da yaro wurin iska, nesa da wuta. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu, a goge masa baki. Kada a ba shi kome ya sha. In amai ya zo da kansa, a kwantar da shi ta gefe. Sa'an nan sai asibiti, a tafi da robar don likita ya ga abin da ya sha. A tafi ko da yaron ya koma wasansa, gama ciwon yakan ɓoye da fari, har hoton ƙirji ma yakan fito ba kome a sa'o'in farko. Shi ya sa ake tsare yaro wajen sa'a 6 ana dubansa. In ma'aikaciyar jinya ta ce ku zauna ku jira, ba wulakanci ba ne. Alamun da ake tsoro su ne tari da ba ya tsayawa, numfashi da sauri, haƙarƙari yana lotsawa, zazzaɓi, leɓuna su yi duhu, ko yaro ya yi ta gyangyaɗi. Ciwon yakan ƙara tsanani cikin kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fara sauƙi. A asibiti za a sa masa iskar oksijin, a yi masa ƙarin ruwa in da bukata. Ba a yin wankin ciki, don dalilin da ya hana mu sa shi amai. Yawancin yara sukan warke cikin mako guda ko fiye kaɗan, amma akwai waɗanda ba su dawowa gida.

Kada maza su ce wannan zancen mata da yara ne. Sau nawa muka ga direba, ko ɗan bumburutu, ko mai janareta ya sa tiyo a tanki ya zuƙa da baki? Ranar da man ya zo da ƙarfi, sai ya ƙware, ya tofar, ya yi dariya. Bayan 'yan sa'o'i ƙirji ya soma suka, sau da yawa ta gefen dama, zazzaɓi ya rufe shi, shi kuwa yana shan maganin zazzaɓin cizon sauro don kunyar faɗin gaskiya. Ɗan famfon hannu na ɗurar mai bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Masu fenti kuma su bar ƙofa da taga a buɗe.

Akwai wani abin da mu malamai mukan ci karo da shi, watau samari masu shaƙar fetur ko sholisho a tsumma. Banda huhu da ƙwaƙwalwa, wannan hayaƙi yakan sa zuciya ta rikice, har firgita ko gudu su tsayar da ita farat ɗaya. In kun kama yaro cikin wannan hali, kada ku daka masa tsawa, kada ku bi shi da gudu. Ku karɓi tsumman a hankali, ku zaunar da shi wurin iska. Faɗa ya jira sai gobe.

A Amurka tun 1970 aka kafa dokar sa wa kayan guba murfin da ƙaramin yaro ba ya iya buɗewa. A Afirka ta Kudu an raba wa gidajen wani yanki irin waɗannan robobi don zuba kananzir, rahoton da ya fito a 1994 ya nuna yaran da suke shansa sun ragu kusan rabi. Mu nan har yanzu mai kananzir yana aunawa a duk robar da aka miƙa masa. Saboda haka aikin ya rage namu. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku, su ne abin ya fi samu, ba ya karatu, rubuta "guba" a jikin roba ba zai tsare shi ba. A sami jarka mai murfin murɗawa wadda ba ta yi kama da ta abin sha ba, a ajiye ta sama ko a kulle. Ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, nan ne mai rarrafe yake yini.

Yaron nan an sallame shi a rana ta tara. Yayarsa ta dawo aji amma ta yi shiru, ba ta ɗaga hannu, sai daga baya muka gane tana ganin ita ta jawo abin. Muka koma gidan muka zauna da mahaifinta, ya kira ta ya ce, "'Yata, aike aka yi miki, kin kuwa kawo. Ni ne ban tanadi jarka ba." Yanzu jarkar tana rataye a ƙusa can saman bangon madafa, sai an taka kujera ake sauko da ita.