Hattara Da Murhun Gashi Mai Wanke Kansa

A shekarar 1963 ne kamfanin General Electric na Amurka ya fito da murhun gashi na lantarki mai wanke kansa. Duk magidancin da ya sayi irinsa, ko a Malali yake ko a Unguwar Rimi, wajibi ne ya san halinsa.

Shi wannan murhu ba ruwansa da ruwa. Ƙofarsa yake kullewa, ya ɗauki zafi wajen digiri 480 na ma'aunin Salshiyas, awa 2 zuwa 4, har maiƙon da ya daskare ciki ya zama toka. In maiƙon ya yi yawa yakan kama wuta, hayaƙinsa kuwa yana da guba. Domin haka a kankare shi tukuna, a buɗe tagogi, a kawar da yara. In ya kama wuta, a kashe murhun, a bar ƙofar a rufe.

Mutanen Kaduna sun san halin lantarki. In ya ɗauke ana cikin aikin, ƙofar takan ƙi buɗuwa. Kada a ɓalle ta. A jira ya dawo, murhun ya huce. In daga baya ya ƙi kunnuwa, sau da yawa fis ɗinsa ne zafi ya ƙona, sai a nemo ƙwararren mai gyara.