Shekarun bindiga a jikin ƙarfenta suke

Mafarautan Parakou da Djougou a Benin da ke shiga daji da rani galibinsu bindigar toka suke riƙewa, ko mai cin harsashi ɗaya irin Simplex, wadda kamfanin Manufrance na Faransa ya fito da ita a 1908. Mai ɗura wa kanta harsashi ba ta da yawa, kuma da dalili: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa ’yan ƙasa bindigar zamani, sai ta toka. Shi ya sa da zarar tsohuwa irin wannan ta ɓullo, sai a rataya mata labari, a ce ta wani Bature ce tun ƙasar tana Dahomey. Amma dai labari ba ya tsai da shekarun bindiga, siffa ma haka.

Auto-5 ta ishe mu hujja, mai ɗura wa kanta harsashi, mai ƙusumbi a baya, wadda John Browning ya ƙirƙiro, kamfanin FN na Herstal a Beljiyam ya soma ƙera ta a farkon ƙarni na 20. Sai a 1998 aka daina, kuma duk tsawon lokacin kamanninta bai sauya sosai ba. Remington ta yi irinta a Amurka daga 1905, daga baya aikin FN ya koma hannun Miroku a Japan. Wanda ya dogara da ido zai iya kuskuren shekara 70. Abin dubawa shi ne hatiman da gidan gwajin bindigogi na Liège ya buga a gindin bututu, kamar yadda mai sayen sa a kara yake buɗe bakinsa ya ga haƙori. Haruffan ELG cikin da’ira mai kambi suna nuna Beljiyam, zaki bisa PV kuma gwaji da albarushi marar hayaƙi. In girman baki, 12 ko 16, yana cikin zane mai kusurwa huɗu tare da harafin C, ƙirar kafin 1924 ce. Bayan nan sai aka riƙa haɗa shi da tsawon mazaunin harsashi, kamar 12-70. Ƙaramin harafin Girka na nufin tsakanin 1948 da 1961. Daga 1976 shekarar ta shiga lambar bindiga a haruffa biyu, RT ita ce 76.

Wani zai ce wannan wahalar masu tara kayan tarihi ce, maharbi ina ruwansa. Da ruwansa, domin tsofaffi da yawa, musamman masu baki 16, mazauninsu milimita 65 ne, harsashin yau kuwa 70. Zai shiga lafiya lau, sai an harba matsin ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya riga ya tsufa, kwankon kuma ya maƙale.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce hatimi ma yana ƙarya: ana sauya bututu, tsatsa tana cin rubutu, maƙeri gwani yana iya kwaikwayo. Gaskiya ne, shi ya sa ba a karanta hatimi ɗaya tilo. A tsofaffin ƙirar FN ana samun lambar bindiga a jiki da kuma bututu. In suka saɓa, an yi aure.  Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda Benin ke ciki, a kan irin waɗannan lambobi ta ɗora rajista, don haka wanda ya goge su da magagari yana neman ƙyalli ya rage wa bindigarsa daraja, ya kuma jawo wa kansa tambaya a gaban hukuma.