Ɗaki Ɗaya, Baƙi Biyu: Yadda Ake Shirya wa Intabiyu a Kamfanonin Tafiye-tafiye

Kamfanoni irin su Booking.com na ƙasar Holan, Expedia na Amurka da Wakanow na Legas sun dogara ne kacokan a kan manhaja, shi ya sa suke tankaɗe da rairaya kafin su ɗauki injiniya. Wanda ya iya rubuta kod ma yakan faɗi, idan bai fahimci matsalolin harkar ba.

Galibi ana farawa da gwaji ta intanet a dandali kamar HackerRank, cikin ƙayyadadden lokaci. Daga nan sai zama kai-tsaye da injiniyoyi, inda mai neman aiki zai riƙa rubutu yana bayyana dalilinsa. Shiru a nan illa ne, domin tunaninsa ake son a ji.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayar tsara manhaja. Misali: ɗaki ɗaya ya rage a otal, mutum biyu suka danna a lokaci guda, wa zai samu? Amsa mai kyau za ta nuna yadda rumbun bayanai zai kulle ɗakin na 'yan mintuna har na farko ya biya, ya kuma sake shi idan bai biya ba. Idan netwok ya yanke, kwastoma ya sake dannawa fa? Kowane ciniki na buƙatar lambarsa ta daban, don kada a cire kuɗi sau biyu.

Sai lokaci. Jidda ta riga Kano da awa 2, saboda haka wanda ya lissafa tsawon tafiya da agogon garuruwan biyu zai yi kuskure. Ana mayar da duka zuwa UTC kafin lissafi.

Kuɗi ma tarko ne. A Python, 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. Maganinsa a ajiye farashi a kwabo, ba ɗigo, tare da sunan kuɗin.

Wanda ya koya da kansa, ba digiri, yana da hanyar nuna ƙwarewa: ya haɗa ƙaramar manhajar kama ɗaki, ya ɗora ta a GitHub, ya gwada ta da buƙatu biyu a lokaci guda. Idan aka jefo masa tambayar ɗakin ƙarshe, zai amsa da abin da hannunsa ya taɓa yi.