Abin da Mai Doguwar Jinya Ke Nema a Littattafan Soyayya da na Masu Shan Jini

A watan Maris na 1892, mutanen ƙauyen Exeter da ke jihar Rhode Island ta Amurka suka tone kabarin wata budurwa 'yar shekara 19, Mercy Brown, wadda ta rasu wata biyu kafin nan. Tarin fuka ne ya yi ajalinta, kamar yadda ya yi ajalin mahaifiyarta da yayarta shekarun baya, ga kuma ɗan'uwanta Edwin kwance sai ramewa yake yi. Maƙwabta suka ce ruwa ba ya tsami banza, lalle ɗaya daga cikin mamatan gidan ce ke tasowa da dare tana zuƙe ran na raye. Aka tarar gawar Mercy ba ta ruɓe ba, abin da sanyin lokacin ya isa ya jawo, amma su suka ɗauka hujja ce. Aka cire zuciyarta aka ƙona, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha. Bayan kamar wata biyu shi ma ya rasu. Alhali tun 1882 likitan Jamus Robert Koch ya riga ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka.

Wannan labari ba zai yi wa Bahaushe baƙo ba. Mu ma idan yaro ya yi ta ƙanjamewa ba a gane dalili ba, sai a fara waige-waige ana neman tsohuwar da ta kama masa kurwa. Maye da bamfaya ba abu ɗaya ba ne, domin maye rayayye ne da ake gaisawa da shi a unguwa, bamfaya kuwa matacce ne da Turawa suka ce yana fitowa daga kabari ya sha jinin mutane. Amma tsoron da ya haife su guda ne, wato ganin ɗan'uwanka yana ƙarewa a hankali, kai kuma ba ka da abin yi.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda al'amarin ya juya. A da, lafiyayyu ne suke ƙirƙirar dodon don su fassara ciwon da suke gani a jikin wasu. A yau kuwa, a cikin masu karanta labaran bamfaya da na soyayya akwai majinyatan kansu, mutanen da ke fama da cutar da ba a warkewa sai dai a yi ta lallaɓawa, irin sikila da ciwon ƙoda da lupus da ciwon gaɓoɓi. Mutane kan ce ɓata lokaci ne, ko gudun gaskiya. Ni a ganina akwai abin da majinyaci ke samu a waɗannan littattafai wanda masu zuwa dubiya, duk da kyakkyawar niyyarsu, ba sa iya ba shi.

Wanda ya karanta Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, zai ga wani babban ɓangare na rabin farkonsa labarin ɗakin jinya ne. Budurwa Lucy tana ta yin fari fat, tana kasa tashi, likitoci biyu suna kanta sun rasa gane inda jininta ke tafiya. Sau huɗu ana yi mata ƙarin jini daga maza huɗu daban-daban, ba gwaji ba komai, domin sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini. Takan ɗan farfaɗo da safe, a ce an samu sauƙi, kashegari a koma gidan jiya. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai sikila, ya yi yawon neman wanda zai ba da leda ɗaya ta jini da tsakar dare, ya san wannan hawa da sauka.

Labarin Anne Rice ya fi wannan taɓa zuciya. 'Yarta Michele ta rasu a 1972 sanadin sankarar jini, ba ta cika shekara shida ba. A cikin wannan baƙin ciki uwar ta rubuta Interview with the Vampire, aka buga shi a 1976, kuma a ciki akwai wata yarinya, Claudia, da aka mayar bamfaya tana ƙarama, ta rayu shekaru masu yawa jikinta bai ƙara girma ba. Ko Twilight na Stephenie Meyer na 2005, wanda 'yan mata suka yi ta rububinsa a duniya, jarumin cikinsa Edward majinyaci ne tun asali. Yana bakin mutuwa a annobar murar 1918 a Chicago wani likita ya mayar da shi abin da ya zama. An tsamo shi daga mutuwa, amma bai koma mutum kamar kowa ba, kuma ba zai taɓa komawa ba.

A nan, ina jin, zaren yake. Bamfayan littafi yana rayuwa ne da jikin da ke da dokokinsa. Akwai abin da ba ya ci, akwai lokacin da ba ya fita, rayuwarsa ta rataya a kan jini, yana ɓoye halinsa don kada a guje shi, kuma idonsa biyu lokacin da kowa ke barci. Mai lupus da rana ke tayar wa ciwo ta san wannan. Mai wankin ƙoda da ke kwanciya kusan awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, yana kallon jininsa na fita ta roba yana dawowa, ya san wannan. Mai sikila ya fi kowa sani. Jajayen ƙwayoyin jinin lafiyayye kan yi kwana 120 suna aiki, nasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ne sun mutu, kuma sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya tashi a ƙashi, irin wanda babban mutum ke kuka da hawaye. Hunturu ya kama, kowa na murnar sauƙin zafi, shi yana lissafin rigar sanyi da ruwan ɗumi. Bikin ƙawa ya zo, ana zancen anko, mai sikila tana tunanin ko jikin zai bar ta ta je. To a littafin, mai irin wannan jiki shi ne jarumi. Shi ake so, shi ake jira, ba a kuma ce sai ya warke sannan za a so shi ba.

Ba na cewa kwatancin ba shi da illa. A 1985 wani masanin sinadarai a Kanada, David Dolphin, ya kawo ra'ayin cewa wataƙila cutar porphyria, wadda wasu nau'o'inta ke sa fata ta kasa jure rana, ita ce asalin almarar bamfaya. Masana da dama sun yi watsi da zancen, amma jaridu sun riga sun ɗauka, masu cutar kuma suka sha tsokana. Marubuciya Susan Sontag, wadda ta yi fama da sankarar mama, ta yi littafi guda a 1978 tana gargaɗin a daina ɗora wa cuta ma'anar da ba tata ba, a bar ta a matsayin cuta kawai. Tana da gaskiya. Sai dai akwai bambanci tsakanin a laƙaba maka suna da kai da kanka ka ga kamanninka a labari ka yi murmushi. Haka kuma babu mai karatu da ke ɗaukar tashin matattu su sha jini a matsayin aƙida, kamar yadda ba wanda ya taɓa yin imani da Gizo da Ƙoƙi don ya ji tatsuniya.

Shi kuwa littafin soyayya, abin da ake raina shi a kai shi ne ƙarfinsa. Tun shafin farko ka san ƙarshen, za a sha wuya amma za a ɗaura aure. Masu sharhi kan ce wannan rashin zurfi ne. Amma mutumin da bai san yadda zai tashi gobe ba, wanda ya sha shirya tafiya ciwo ya warware masa, ba ya bukatar marubuci ya ƙara koya masa cewa duniya ba ta da tabbas. Abin da ya rasa shi ne alkawarin da za a cika. Janice Radway, wadda ta zauna da mata masu karanta irin waɗannan littattafai a Amurka ta fitar da bincikenta a 1984, ta gano cewa da yawansu suna ɗaukar lokacin karatun a matsayin ɗan lokacin da yake nasu su kaɗai. Majinyaci ya fi kowa bukatar wannan, domin jikinsa ya zama na kowa. Likita ya duba, nas ta soka allura, gwaggo ta kawo jiƙo, maƙwabciya ta ce a gwada wani malami. Kowa "ya jiki?" yake tambaya. Littafin ne kaɗai ba ya tambaya.

Kimiyya ma tana da abin cewa, ko da yake bai kamata a zuzuta ba. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon raɗaɗi ba ya tafiya kai tsaye daga inda ke ciwo zuwa ƙwaƙwalwa, akwai wata mashiga a lakar baya da ke iya rage shi ko ƙara shi, kuma abin da hankali ya tattaru a kai yana da tasiri a wannan mashiga. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ciwo ya fi tsanani da dare, lokacin da gari ya yi tsit ba abin da ke ɗauke hankali. Wani bincike da aka buga a 2021 ya duba yara 81 da ke kwance a sashen kulawa ta musamman a wani asibiti a São Paulo ta Brazil. Aka raba su biyu, wasu aka karanta musu labari na kusan rabin awa, wasu aka yi musu kacici-kacici. Duka sun samu sauƙi, amma waɗanda suka ji labari sun fi samun raguwar raɗaɗi da raguwar sinadarin damuwa a yawunsu. A Ingila kuwa, tun 2013 akwai shirin da likita zai iya tura majinyaci laburare ya ari littafi daga wani jeri da aka tantance. Wannan duk ba ya nufin labari zai maye gurbin magani. Wanda sikilarsa ta tashi da zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, asibiti zai nufa, ba waya zai ɗauka ba. Amfanin littafi yana cikin dogayen ranakun da ke tsakanin tashin ciwo da tashin ciwo, waɗanda su ne mafi yawan rayuwar majinyaci.

Mu a ƙasar Hausa ba mu rasa littattafan soyayya ba. Tun daga shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya cika gari, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. An sha sukarsu da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka yi taron ƙona wasu littattafai a Kano zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Ba su mutu ba, sun koma waya. Yanzu a WhatsApp da Wattpad ake bin su shafi-shafi, a YouTube da gidajen rediyo kuma ana karanta su da murya. Wannan na ƙarshe rahama ne ga wanda yatsunsa suka kumbura ba ya iya riƙe littafi, ko wadda hannunta ɗaya ke ɗaure da robar ƙarin ruwa, sai ta saƙala abin sauraro a kunne ta rufe ido.

Ƙorafina da yawancin waɗannan labarai shi ne yadda suke wasa da ciwo. An hana jaruma wanda take so, sai ta yanke jiki ta faɗi, likita ya fito ya cire tabarau ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba za a rasa ta. Alhaji ya sauko, a ɗaura aure, ciwo ya ɓace kamar ba a yi ba. Ko kuma ciwon ya zama sakayya, muguwar kishiya ta ƙare da shanyewar ɓarin jiki. Mai doguwar jinya da ke karanta wannan me aka gaya mata? Cewa ciwo ko dai makami ne, ko hukunci, kuma soyayyar gaskiya tana warkarwa, don haka wadda ba ta warke ba ita ta sani. Turawa ma sun yi irin wannan. Littafin Me Before You na 2012 ya sha suka daga nakasassu saboda jarumin da ya shanye ya zaɓi mutuwa duk da ya samu mai sonsa. Amma sun fara gyarawa. A 2019 Talia Hibbert, wadda ita kanta ke fama da ciwon jiki na dindindin, ta fitar da Get a Life, Chloe Brown, inda jarumar ta fara littafin da ciwonta ta kuma gama da shi, ga maganinta ga masoyinta.

Kuma babu inda ya fi mu kayan rubuta irin wannan. Nijeriya ce kan gaba a duniya a yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Idan AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon, ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zuwa da SS, wato sikila. A 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinsin jini. Wannan na nufin a yau akwai samari da 'yan matan da takardar ɗakin gwaji ce ta raba su, ba kuɗi ba, ba auren dole ba. Akwai budurwa SS da ke lissafin ranar da za ta gaya wa saurayi, tana tsoron abin da uwarsa za ta ce, "wa zai auro mana jinya?" Akwai kuma AA, wato wanda ba ya ɗauke da ƙwayar, da ya ji ya gani ya ce ya yarda, ya koyi dafa ruwan gashi da ƙarfe biyun dare, ya san layin karɓar magani, ya san wace nas ce ke samun jijiya da wuri. A cikin littattafan da na karanta, ƙalilan ne suka bi irin waɗannan ma'aurata suka wuce ranar ɗaurin aure zuwa hunturunsu na farko.