Sabuwar laftof ta shigo gida: Abin da ya kamata a yi kafin a miƙa wa yaro

Kwanakin baya wata Hajiya da muke mutunci da ita ta shigo shagon maganin da nake aiki a Agege, ta ce in ba ta maganin ɗigawa a ido, irin wanda ke kashe ja nan take. Na ce na wa? Ta ce na ɗanta ne mai shirin rubuta JAMB. Mahaifinsa ya sayo masa laftof a Computer Village da ke Ikeja don hannunsa ya saba, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Wata guda ke nan, idanun yaro sun kaɗa sun yi ja, yana kukan ciwon wuya, da asuba kuma sai an yi da gaske yake tashi.

Na tambaye ta a ina yake amfani da ita. Ta ce, "A kan gado mana, 'yata. Ni ko kunna ta ban iya ba." Wa ya saita ta? Yaron shago, cikin minti goma. Kalmar sirri kuwa ɗan nata kaɗai ya sani.

Ban ba ta maganin ba. Da yawa daga cikin magungunan da mutane ke nema don kashe jan ido suna ɗauke da sinadarin steroid, irin su dexamethasone. Idan aka daɗe ana ɗiga su ba da umarnin likita ba, suna iya kawo hawan jinin ido ko yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Na ce ta kai shi likitan ido. Sannan muka zauna muka yi maganar laftof ɗin, domin daga ranar da ta shigo gidan abin ya faro.

Aikin farko tun a shago yake. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, wadda ke rubuce a ƙasanta. Idan an ce sabuwa ce, HP da Dell da Lenovo duk suna da shafin da za a saka wannan lamba a ga ko garantinta na nan. Kamar dai yadda muke cewa a kankare kwalin magani a tura lamba don a tabbatar ba jabu ba ne. Idan tokunbo ce, kamar yawancin waɗanda iyalanmu ke iya saye, a tambayi abu biyu. Na ɗaya, tana ɗaukar Windows 11? Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori da dama ba sa iya hawa ta 11. Na biyu, lafiyar batir. A sa mai shago ya rubuta powercfg /batteryreport a gabanku. Rahoton zai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. In ya koma rabi, to a rage kuɗi ko a canja.

Tokunbo kuma ba a san hannun da ta bi ba. Da an iso gida a shiga Settings, a nemi Reset this PC, a zaɓi goge komai. Na san masu shago kan yi alfaharin sun "loda" maku manhajoji kyauta. Yawancinsu na sata ne da aka fasa, kuma ta irin wannan ƙofa ce manhajojin satar bayanai ke shigowa. Laftof ɗin da uba zai buɗe asusun bankinsa a kanta ba wurin gwajin sa'a ba ce. Don rubutu da lissafi akwai LibreOffice kyauta, halal ɗinta. Don kariya kuma Windows Security na cikin na'urar tun asali, kuma ya ishi gida.

Maganar cewa sai an yi cajin awa takwas kafin a kunna, ta tsofaffin batura ce, na yanzu ba sa buƙata. Wuta na cikin abubuwan da ke kashe laftof a ƙasar nan. A sayi soket mai kariya daga tashin wuta, a riƙe cajar asali, kuma a zare ta duk lokacin da za a tayar da janareta ko a juya layi, sai wuta ta daidaita a mayar.

Bayan nan sai sabuntawa. A bar Windows Update ta gama aikinta ranar farko, ko da za ta kashe kanta ta kunna sau uku. Tana cin data sosai, don haka a yi a inda akwai intanet mai yalwa. In da wayar hannu ake jona ta, bayan an gama a kunna Metered connection don ta rage zuƙe data ba da sani ba.

Yanzu ga inda na fi so iyaye su tsaya, wato wa ke riƙe da mabuɗi. Asusun farko da aka buɗe a kan laftof shi ne mai iko da komai: saka manhaja, cire ta, canja saiti. Wannan asusun na uwa ne ko uba, da imel ɗinsu da lambar wayarsu, ko da kuwa don yaron aka sayi na'urar. Yaro a buɗe masa nasa daban, marar wannan iko. Na sha jin iyaye na cewa ai su ba su iya ba, yaron ya fi su sani. Gaskiya ne ya fi ku sani, shi ya sa ma. Ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku riƙe kalmar sirri. A nemi ƙani ko 'yar uwa da aka yarda da ita ta zauna da ku rabin awa, ku ku rubuta kalmar da hannunku, a adana ta a takarda inda ake ajiye takardun gida.

Idan asusun yaron na ƙarƙashin tsarin Family Safety na Microsoft, wanda kyauta ne, za ku iya sa lokacin da laftof za ta rufe masa, misali ƙarfe goma na dare, ku toshe shafukan batsa, kuma a riƙa turo maku rahoton abin da ya yi a mako. Tacewar a cikin Edge take aiki. Yaro mai wayo zai nemi hanyar zagayewa, wannan kam sai haƙuri da sa ido. Ni dai shawarata kada a yi a ɓoye. A zaunar da shi a gaya masa abin da aka saka da dalili. Ɗan shekara goma sha shida da ya gano ana leƙensa a asirce zai koma wayar aboki ne kawai, ku kuma ku rasa hanyar magana da shi.

Wani abin da mutane ba sa sani sai sun shiga uku: sabbin laftof da yawa suna kulle bayanan ciki da kansu, kuma mabuɗin buɗewa lambobi 48 ne da ke ajiye a asusun Microsoft da aka saita na'urar da shi. Idan imel ɗin yaron shago ne, ranar da ta nemi lambobin nan sai dai a bi shi Ikeja, in yana nan. A rubuta su a takarda tun yau. Haka nan a tanadi filas ko wata ma'ajiya ta waje don kwafin muhimman takardu. Kuma a yi tunani kafin a zuba mata hotunan matan gida, sakamakon gwajin asibiti, NIN da BVN, domin wata rana za ta je wurin mai gyara. Kyamarar sama kuma ɗan ƙaramin tef ya isa ya rufe ta idan ba a amfani da ita.

Sai wurin zama. Laftof an yi ta ne don tafiya, ba don zaman awa biyar ba: in allon ya daidaita da ido, hannu ya wahala, in hannu ya ji daɗi, wuya ya lanƙwashe. Maganin mai araha ne. A ɗora ta a kan littattafai har saman allon ya zo daidai da ido, nisan tsawon hannu, a sayi kibod da maus na waje. A tebur, a falo, inda mai wucewa zai ga allon. Wannan kaɗai ya fi duk wata manhajar tacewa aiki.

Katifa da filo suna toshe kafofin da iska ke fita, na'ura ta yi zafi, batir ya tsufa da wuri. Cinya ma ba wurinta ba ce. Zafin da ake jurewa kullum yana barin tabo mai duhu kamar raga a fata, irin wanda ake gani a ƙafar masu yawan jin ɗumin wuta. Ga maza kuma, 'ya'yan maraina suna buƙatar sanyi fiye da sauran jiki don su yi aikinsu, babu dalilin gasa su. In wata rana kuka ga kibod ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe, batir ne ya kumbura. A kashe ta, a zare caja, kada a danna ko a huda, a kai wa mai gyara. Irin batirin nan yana kamawa da wuta.

Ido kuwa, mai kallon allo yana rage ƙiftawa bai sani ba, sai ido ya bushe, ya yi ja, ya riƙa jin kamar yashi. Fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da ke bugun fuska tana ƙara abin, haka ma iskar hunturu. Likitocin ido na ba da shawarar bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. A daidaita hasken allo da na ɗaki, kada a yi aiki cikin duhu. Ruwan hawaye na kwalba marar magani ba laifi. Amma in akwai zafi sosai, kwantsa, gani dishi-dishi ko ido ba ya son haske, wannan ya wuce kemis. Akwai Night light da ke rage shuɗin haske da dare, a kunna, sai dai kada a ɗora masa buri. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma rufe laftof awa guda kafin kwanciya ne ke samar da shi.

Ƙananan yara za su zo su ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wayar uwa ma tana cikin lissafin.

Hajiya ta dawo bayan mako uku sayen maganin hawan jininta. Likita ya ce idon yaron bushewa ce, ya kuma gano yana buƙatar tabarau, abin da ba wanda ya lura da shi tun yana ƙaramar sakandare. Laftof ta koma teburin falo, kalmar sirri na cikin jakar Hajiya. Ta ce rigimar da ta rage masu ɗaya ce, yana so ranar Asabar a kai masa lokacin rufewa ƙarfe sha ɗaya, mahaifinsa ya ce sai sakamakon JAMB ya fito.