Salsalar Kwalara

Duk lokacin da amai da gudawa ya ɓulla a unguwar Akwatialine ta Kumasi ko maƙwabtanta, Aboabo da Asawase, mutane kan ɗora laifin a kan lambatun da ya toshe da cunkoson gidaje, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai akwai mas'alar da lambatu ba ya amsawa, watau daga ina ƙwayar cutar ta taso tun farko. A shekarar 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, mafi yawansu a Akra, ta hallaka sama da 240.

Madubin likita siffar ƙwaya kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin nasabarta. Nasabar tana cikin wani zare siriri da Allah Ya ajiye a jikin kowane mai rai, wanda aka jera da sinadarai huɗu da masana ke yi wa alama da haruffan A, C, G da T, kuma zaren ƙwayar kwalara ya kai haruffa kamar miliyan 4. Frederick Sanger na Ingila ya fito da hanyar karanta su a 1977, amma da jinkiri ƙwarai, har sai 1995 aka sauke karatun wata bakteriya sukutum. Na'urorin yanzu kan daddatsa zaren, su karanta miliyoyin gutsattsari a lokaci guda, kwamfuta ta harhaɗa su. Akwai ma wata ƙarama da ke shiga aljihu, wadda aka yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015.

Almajirin da ya taɓa kwafar littafi da hannu zai fahimci hikimar nan da nan, domin idan mai kwafa ya yi tuntuɓen alƙalami a harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren, ta yadda malami mai basira zai iya jera kwafe-kwafen ya ce wannan daga wancan ya fito. Haka ƙwaya take kuskure jefi-jefi yayin da take hayayyafa, zuriyarta kuma ta gaje shi.

Da wannan ƙa'ida masanan Cibiyar Pasteur ta Faransa da Cibiyar Sanger ta Ingila, tare da takwarorinsu na Afirka, suka nazarci ƙwayoyi 1,070, suka bayyana a 2017 cewa tun daga 1970 kwalara ta shigo Afirka daga Asiya aƙalla sau 11, a cikin hanjin matafiya, kuma jinsunan baya-bayan nan sun iso ne da taurin kansu ga magunguna. Ashe baƙuwa ce, lambatu da gurɓataccen ruwa masauki kawai suke ba ta. Ni kuwa a ganina wannan ya ƙara nauyin hukuma ne, tunda zango ba ya rabuwa da baƙi, amma gyaran famfo da makewayi yana hannunta.

Ilmin ya iso Gana. A watan Afrilu na 2020, makonni kaɗan bayan ɓullar korona a ƙasar, masanan Jami'ar Gana da Cibiyar Noguchi suka karanta zarenta a Legon da kansu, alhali cibiyar bincike ta KCCR, wadda aka kafa a 1997 a harabar Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, ita ce ke gwada samfuran Asante da na arewacin ƙasar a lokacin.